Awon Tsawon Ido a Aikin Yana: Tarihinsa da Matsayinsa a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A cikin wannan karin magana ido shi ne ma'auni, watau abin da ake gwada sauran abubuwa da shi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a juya maganar, a bi sawun yadda aka yi har shi kansa idon ya zama abin aunawa, a kuma bayyana dalilin da ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya son taɓa idon mai yana sai ya san tsawon idon daga gaba zuwa baya, da lamba, ba da kintace ba.

An zaɓi ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta zama wurin gwada maganar saboda dalili. Ƙasa ce ta manoma waɗanda abincinsu ya rataya a kan ganinsu, kuma ƙasa ce da ta daɗe da sanin sikeli. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, auduga ta zama sana'ar yankin, aka kafa injin gurzarta a garin. A 1975 kuma aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da noman masara. Saboda haka manomin Bakori ko na Ƙafur ba baƙo ba ne ga mudu da tiya da buhu, ya kuma san cewa in mai awo ya karkatar da hannu kaɗan, shi ne mai hasara. Awon da za a yi magana a kansa a nan ya fi waɗannan duka ƙanƙanta, domin kuskuren da bai kai kaurin ƙwayar gero ba ya isa ya raba mutum da ganin fuskar mai gaishe shi.

Yana da aikin madubin ido

Abin da Bahaushe ke kira yana ba wata fata ba ce da ta tsiro a kan ido, ko da yake sunan ya nuna haka, don kalma ɗaya ce da yanar da ke taruwa a kan kunu in ya huce. Larabawan dā ma sun yi irin wannan zato, suka kira cutar saukar ruwa, a bisa tsammanin wani gurɓataccen ruwa ne ke gangarowa daga kai ya tsaya a gaban gani. Gaskiyar al'amari kuwa ita ce, a cikin ido, bayan baƙin nan da ake gani, akwai wani ɗan madubi mai kamar ƙwayar wake, garai-garai. Shi ne ke dushewa saboda tsufa, ko ciwon sukari, ko bugu, har ya koma fari fat. Madubin da ya dushe shi ne yanar. Wanda ya cire yana, madubin ido ya cire.

To, mene ne aikin wannan madubi? Duk wanda ya taɓa ganin yaro yana ƙona takarda da gilashi a rana ya san amsar. Gilashin yana tattara haske ne a ɗigo guda, kuma takardar ba ta kamawa sai an riƙe shi a daidai wani nisa, ba kusa ba, ba nesa ba. Haka ido yake. A bangonsa na baya akwai wani tantani mai karɓar haske ya miƙa wa ƙwaƙwalwa, kuma dole ɗigon ya sauka a kansa daidai. Masana suna auna ƙarfin madubi da wani ma'auni da ake kira diyofta: madubi mai diyofta 1 yana tattara haske a nisan mita guda, mai 10 kuwa a nisan santimita 10. Ƙarfin ido gaba ɗaya wajen diyofta 60 ne. Kamar 43 daga ciki na tagar ido ne, watau fatar nan mai sheƙi da ta rufe baƙin ido, sauran kuwa na madubin ciki ne. Tsawon idon baligi a galibi tsakanin milimita 23 ne da 24, bai ma cika inci guda ba. Amma mutane sun bambanta a wannan kamar yadda suka bambanta a tsayi. Akwai mai 21, akwai mai 27, akwai ma wanda ya haura 30. Dogon ido madubi mai rauni yake bukata, gajere kuwa mai ƙarfi. Duk tarihin da zai biyo baya a kan wannan magana guda ya ginu.

Masu ture yana

Shekaru fiye da dubu biyu magani ɗaya aka sani. Mai aikin yakan soka allura ko tsinke ta gefen farin ido, ya ture madubin da ya dushe ya faɗa can ƙasan ido, haske ya sami hanya. An siffanta aikin a littafin Susruta na tsohuwar Indiya, likitocin Bagadaza da Alƙahira kuma sun ƙware a kansa. Ɗaya daga cikinsu, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil, wanda ya zauna Masar wajen shekara ta 1000 Miladiyya, ya ƙago allura mai rami da ake zuƙe yana mai taushi da ita. Ƙasar Hausa ba ta kasance nesa da wannan ilmi na Larabci ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da maganin ido.

Mai ture yana ba ya auna kome, kuma ba shi da dalilin aunawa, tun da babu abin da zai mayar a gurbin abin da ya ture. Idon da aka yi wa haka ya rasa kusan sulusin ƙarfinsa. Mai shi zai ga hasken ƙofa, ya ga inuwar mutum, ya ƙirga yatsu a kusa, amma ba zai bambance ciyawa da shuka ba. Ga wanda ya shekara uku a ɗaki yaro na jansa da sanda, wannan kaɗai abin godiya ne, kuma a nan ne sunan masu aikin ya samo ƙarfinsa. Akwai kuma wani abu da lissafin ido ya bayyana daga baya: mutumin da aka haifa da dogon ido ƙwarai, wajen milimita 31, ba ya bukatar madubin ciki ko kaɗan domin ganin nesa. In aka ture wa irin wannan yana, kuma Allah Ya kiyaye idon bai ruɓe ba, sai ya tashi yana gani fiye da yadda ya taɓa gani tun yana yaro. Mutum guda irinsa ya isa ya cika kasuwa da labari. Waɗanda idonsu ya kumbura, ko ruwan ido ya hau ya kashe jijiya bayan mai aikin ya bar gari, ba su zuwa kasuwa.

Kada a ɗauka wannan zancen dā ne. A 2001 Dokta Mansur Rabi'u ya buga sakamakon binciken da ya yi a wani yankin karkara na Jihar Katsina, inda ya tarar cewa cikin masu yanar da ta kai a yi mata aiki, kashi 4 cikin 100 kaɗai suka sami aikin asibiti, alhali kashi 18 sun bi ta hannun masu turewa, kuma babban dalilin da mutane suka bayar shi ne rashin kuɗi. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya ƙara fito da girman abin. Ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma yana ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makantar. Cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da kashi 40 ture su aka yi, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka ture ɗin an same su a makance.

Zamanin tabarau mai kauri

A Turai an soma barin turewa ne bayan 1747, lokacin da Jacques Daviel na Faransa ya tsaga ido ya fitar da madubin waje ɗungum. Wannan shi ne aikin da asibiti ya kawo Arewa. A 1943 mishan ɗin SIM ta buɗe asibitin ido a Kano a ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh, wanda daga baya ya koma hannun ECWA. A farkon shekarun 1960 aka gina sashen ido na Guinness a Kaduna, wanda ya zama wurin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Dokar kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ta fito a 1979, ko da yake cibiyar ba ta soma karɓar marasa lafiya ba sai farkon shekarun 1990. Malumfashi ma tana da nata rabo a tarihin likitanci, domin asibitinta ya kasance ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na jami'ar, kuma a shekarun 1970 an yi wani babban bincike a yankin tare da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, a kan tsargiya da zazzaɓin sauro da saran maciji. Amma manyan wuraren aikin ido suna Kano da Kaduna da Zariya, kuma can mai yana daga Faskari ko Ɗanja yakan nufa, in yana da kuɗin mota na mutum biyu, shi da ɗan jagora.

Abin da asibiti ya fi mai turewa da shi a wancan zamani shi ne tsabta, da fitar da madubin waje, da kuma tabarau. Bayan aiki akan ba mutum tabarau mai diyofta 10 zuwa 12, mai kauri kamar gindin kwalba, domin ya maye ƙarfin da aka cire. A kan takarda magana ta ƙare. A gona kuwa ba ta ƙare ba. Irin wannan tabarau yana ƙara wa abu girma da wajen rubu'i, yana lanƙwasa bakin ƙofa, yana ɓoye abin da ke gefe har sai ya faɗo gaban mutum kwatsam, saboda haka mai shi sai ya sake koyon taka ƙasa da zuba ruwa a kofi. In ido guda aka yi wa aiki ɗayan yana da lafiya, ba ya ma sawuwa, don idanun biyu ba za su haɗa hoto guda ba. Sa'an nan ga nauyi, ga gumi, ga ƙura, ga sunkuyo da fartanya. Tabarau ɗaure da zare ko da robar taya abu ne da kowa ya sani a ƙauyukan Arewa. Ran da ya karye, ko jika ya taka shi, mutumin da aka yi wa aiki mai kyau ya koma daidai da wanda aka ture wa yana a gindin bishiya.

Madubin da aka dasa, da kuskuren farko

Wanda ya kawo mafita wani likitan Ingila ne, Harold Ridley, kuma ba baƙon Afirka ta Yamma ba ne, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin soja a ƙasar da ake kira Gana yanzu, har ya shiga arewacinta ya yi nazarin makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Ridley ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon ba ya ƙin robar, tana zaune lafiya shekara da shekaru. Sai ya sa kamfanin Rayner ya sassaƙa masa madubi da irin wannan roba. Ranar 29 ga Nuwamba 1949 ita ce aka rubuta a tarihi a matsayin ranar aikin farko, a Asibitin St Thomas da ke Landan.

Idon ya karɓi madubin. Amma da aka gwada ganin matar da aka yi wa aikin, sai aka tarar madubin ya yi mata ƙarfi fiye da kima, da kuskuren da ya haura diyofta 10 nesa ba kusa ba, watau an raba ta da tabarau mai kauri na wani iri an mayar da ita ga mai kauri na wani irin. Hannun likita bai yi kuskure ba, lissafi ne ya yi. An kwaikwayi siffar madubin ɗan Adam, alhali roba ta fi shi karya haske. Tun daga ranar farko ke nan aka gane cewa dasa madubi rabin aiki ne. Tabarau in bai yi daidai ba a cire a sake wani, amma abin da aka rufe a cikin ido ya zauna ke nan, sai da wani yankan. Manyan likitocin zamanin sun juya wa Ridley baya shekaru masu yawa, ba a ba shi lambar girma ta Sarauniya ba sai a 2000, shekara guda kafin rasuwarsa.

Bayan an gyara siffar madubin, likitoci sun daɗe suna sa wa kowa lamba ɗaya, wajen 18 ga irin madubin da ake maƙalawa a gaba a lokacin. Masu ƙoƙari sukan tambayi lambar tsohon tabarau na mutum su ƙara ko su rage. Wannan dabara ba ta da amfani ga wanda bai taɓa sa tabarau ba, kuma ita kanta yanar takan ruɗa ta. Akwai dattijon da ya daɗe ba ya iya karatu, sai a wayi gari yana duba Alƙur'ani ba tabarau, iyali suna murna gani ya dawo. Sau da yawa wannan farkon yana ce: madubin da ya fara tauri ya ƙara ƙarfi, ya kyautata ganin kusa na ɗan lokaci kafin ya rufe duka.

Awo da amsa-kuwwa

Wuyar al'amarin a fili take. Ana son tsawon abin da ba a iya sa masa ma'auni, kuma yanar da ake son cirewa ta tare hanyar leƙawa. Rabin farko na lissafin, watau ƙarfin tagar ido, an daɗe da samun na'urarsa, tun Helmholtz na Jamus a tsakiyar ƙarni na 19, da gyaran da Javal da Schiøtz suka yi a 1881. Ana haska wata alama a kan tagar, a auna girman hotonta, daga nan a san iyakar lanƙwasarta. Tsawon kuwa sai da aka jira sauti.

Wanda ya yi kira a bakin rijiya mai zurfi ya san amsar takan ɗan jinkirta, kuma jinkirin gwargwadon zurfin ne. A 1956 Mundt da Hughes a Amurka suka gwada wannan a ido, da sautin da ya fi ƙarfin jin kunne. Na'urar tana da ɗan sanda kamar alƙalami, wanda ke aika sauti mai kaɗawa wajen sau miliyan 10 a daƙiƙa. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a ɗora bakin sandan a kan tagar ido. Sautin yana dawowa daga gaban madubi, da bayansa, da bangon baya, kowane ya fito kamar tsini a allon na'ura. Gudunsa a ruwan ido mita 1,532 ne a daƙiƙa, a cikin madubi kuwa 1,641. Zuwa da dawowa duka wajen kashi 30 ne cikin miliyan na daƙiƙa guda, kuma daga wannan ɗan lokaci ne ake fitar da tsawon ido. Fa'idar sauti a nan ita ce bai damu da fari ko duhu ba, yana ratsa yana kome kaurinta.

Da aka sami tsawo sai aka nemi ƙa'idar haɗa shi da ƙarfin taga. Svyatoslav Fyodorov na Rasha ya fitar da ta farko a 1967, bisa dokokin tafiyar haske. Amma wadda ta game duniya ita ce ta wasu likitocin Amurka uku, Sanders da Retzlaff da Kraff, a 1980, wadda ake kira SRK da haruffan sunayensu. Su ba daga dokokin haske suka taso ba, sakamakon ɗimbin idanun da aka riga aka yi wa aiki suka tara suka fitar da ƙa'ida mai sauƙi da za a iya yi a bayan ambulan. Kowane irin madubi yana zuwa da wata lamba daga masana'anta. A ɗauki wannan lamba, a ɗebe tsawon ido sau biyu da rabi, a kuma ɗebe kashi tara cikin goma na ƙarfin taga. Abin da ya saura shi ne ƙarfin madubin da za a dasa.

Ya kamata a tsaya a gwada da misali. A ce lambar masana'anta 118.4 ce, ga manoma uku masu ƙarfin taga iri ɗaya, 43.5. Na farko tsawon idonsa milimita 23.5, lissafinsa ya ba da 20.5. Na biyu 22, nasa ya ba da 24 da 'yan kai. Na uku 25, nasa bai kai 17 ba. Duk tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku milimita 3 ce, amma madubansu sun bambanta da diyofta bakwai da rabi. Yanzu a ce babu na'ura, an sa wa dukansu 21. Na farko zai tashi yana sa wa likita albarka. Na uku zai ga zaren da ke hannunsa sarai, amma abin da ya wuce kamu guda ya zama hazo, ba zai gane shanunsa a bakin gona ba. Na biyu ya fi su shan wuya, don madubin roba ba ya miƙewa ko tsukewa kamar na halitta, saboda haka ba nesa ba kusa, ko'ina dishi-dishi. Aiki ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya.

Ita ma SRK an gano tana kaucewa a gajeren ido da dogo ƙwarai, aka yi ta gyara: Holladay a 1988, SRK/T a 1990, Hoffer Q a 1993, da wasu bayansu da kwamfuta ke lissafawa. Sai dai kowace ƙa'ida abin da aka ba ta take dafawa. In mai awo ya danna sandan da ƙarfi kaɗan, taga ta lotsa, ido ya fito gajere da kashi biyu ko uku cikin goma na milimita. In ya karkace bai nufi tsakiyar gani ba, lambar ta canja. Thomas Olsen na Denmark ya lissafa a 1992 cewa fiye da rabin kuskuren da ake samu bayan aiki daga awon tsawo yake fitowa. Shi ya sa ƙwararru suka fi son a sa ɗan ƙoƙon ruwa a kan ido a tsoma sandan ciki ba tare da ya taɓa taga ba, a maimaita awon sau da yawa, a kuma auna idanun biyu, in suka bambanta da fiye da kashi uku cikin goma na milimita a sake.

Isowar madubi Arewa

Shekaru arba'in bayan Ridley madubin dashe yana nan kayan masu hali, guda ɗaya dala ɗari ko fiye. Abin ya canja a 1992, da asibitin Aravind na Madurai a Indiya ya kafa masana'antarsa ta Aurolab, sa'an nan gidauniyar Fred Hollows ta kafa wasu a Asmara da Katmandu a tsakiyar shekarun 1990. Farashi ya faɗo ƙasa da dala goma. A 1999 aka ƙaddamar da shirin duniya na kawar da makantar da ake iya kaucewa kafin 2020, aka horar da likitocin Nijeriya a kan dashe, daga baya kuma a kan ƙaramin yanka marar ɗinki wanda ba ya bukatar inji mai tsada. Aikin ido kyauta, wanda gwamnatoci da ƙungiyoyi da masu neman lada ko neman ƙuri'a ke ɗaukar nauyinsa, ya zama hanyar da mutanen karkara da yawa suka fara haɗuwa da madubin roba.

Amma madubi ya riga ma'auninsa isowa. Madubi yana shiga aljihu, na'urar awo kuwa tana bukatar kuɗi, da wuta, da mai gyara, da ma'aikacin da aka koya wa riƙe sanda. A inda ake son yi wa mutum ɗari biyu aiki cikin kwana uku, awo ne abu na farko da ake tsallakewa, a ɗauko kwali guda na 21 ko 22 a sa wa kowa. Masu kare wannan suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: yawancin idanu suna kusa da matsakaici, kuma ko manomi na biyu da na uku a misalin da ya gabata sun fi wanda aka bari ba madubi nesa. Da babu gara ba daɗi. Sai dai hujjar ta lokacin rashi ce, bai kamata ta zama al'ada ba. Binciken 2005 zuwa 2007 ya tarar cewa cikin idanun da aka yi wa aikin asibiti, ƙasa da sulusi ne suke gani da kyau yadda aka same su, amma da aka gwada musu tabarau daidai sai adadin ya haura rabi. Wannan tazara ba ta wuƙa ba ce, ta lamba ce: wasu ba a dasa musu madubi ba kuma ba su da tabarau, wasu an dasa wanda bai dace ba. Alhali tun 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 80 cikin 100 ya kamata su gani da kyau. A 2021 babban taron hukumar ya ƙara tsananta ma'aunin, aka amince cewa ba yawan aikin da aka yi za a riƙa ƙirgawa kaɗai ba, sai yawan waɗanda suka fito suna gani sosai. Wanda aka yi wa aiki bai gamsu ba kuwa, a ƙauye ba a ɓoye shi, maƙwabcinsa mai yana yana kallo, mai turewa kuma yana tafe bayan kaka, lokacin da kuɗin masara ke hannu.

Akwai wani juyi na ƙarshe a tarihin wanda ya shafi wannan yanki kai tsaye. A 1999 kamfanin Zeiss ya fitar da na'urar IOLMaster, bisa binciken Adolf Fercher na Biyana, wadda ke auna ido da haske maimakon sauti, ba ta taɓa ido, kuma ta fi sauti daidaito sau da yawa. A Turai ta kusa kore tsohuwar na'ura. Amma haske ba ya ratsa yanar da ta yi fari fat, kuma irin wannan yana ce ta fi zuwa daga karkara. Tun zamanin da ake fitar da madubi ɗungum akan ce wa mutum ya koma sai yana ta nuna, maganar kuwa ta zauna a bakin jama'a bayan dalilinta ya wuce. A haɗa da kuɗin mota, da jiran a gama girbi, da matsalar 'yan bindiga da ta addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara musamman daga wajen 2019, sai a ga dalilin da ya sa mutum ba ya isa gaban likita sai ba ya ganin kome sai hasken fitila. Ga irin wannan ido, sandan sauti na 1956 shi ne abin dogara, ko da sabbin na'urorin haske sun fi na farko iya ratsawa.

Bayan an sami lamba ma akwai zaɓi, kuma a nan sanin mutum yake shiga. Madubin roba na yau da kullum nisa ɗaya yake bayarwa. Direban da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ganin nesa yake so, ya sayi tabarau na karatu. Tsohuwar da aikinta tsintar tsakuwa a shinkafa da ƙirga canji, wadda kuma ba za ta sake dawowa gwajin tabarau ba, ta fi amfana in an karkata lissafin kaɗan wajen kusa, da rabin diyofta ko guda. Likita ba ya iya wannan zaɓi sai ya san inda tsakiyar take. Kuma ko ya sani, sai ɗakin ajiya yana da abin da lissafi ya nema, daga wajen 10 har zuwa 30, rabi-rabi a inda aka fi bukata, domin wanda aka auna aka sami 25 ba a ce masa 21 kaɗai ta rage a kwali ba.